Abin da Na Gaya wa Ladi Ban Gaya Maka Ba

Bebeji, ranar Laraba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa gare ka, Ɗan Hajiya. Ina gaishe ka gaisuwar da ba ka tsaya ka karɓa ba ran da ka tafi. Ina fata ka ratsa dajin Falgore lafiya, ka sauka Doguwa lafiya, kuma ɗakin da suka ba ka ba ya yoyo. Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya haɗa ka da mutanen kirki. Malam, babanka, yana gaishe ka. Ƙanwarka Hauwa ma tana gaishe ka. Ita za ta kai wa direban motar Tudun Wada wasiƙar nan, saboda haka in ka ga maiƙo a jikinta ka san hannun da ta bi.

Na san za ka yi ta juya takardar nan kana neman wanda ya rubuta, don tun da aka haife ka ban taɓa rubuta maka ko layi ɗaya ba. To, ni ce. Na ƙare ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yan mutane rubutu a firamare, amma ban taɓa zaton zan zauna in rubuta wa ɗan fari wasiƙa ba. Da Hajiya, kakarka da ta goye ka, tana raye ta ga wannan, da ta ce na kwance wa gidanmu zane a kasuwa. Kai ka ja mini, da fushinka.

Bari in maimaita abin da ya faru, don na lura in ranka ya ɓaci rabin magana kake riƙewa. Likitan da kake aiki a ƙarƙashinsa ya kawo takardar tambayoyi a kan yadda mutum yake zama da ciwon da ba ya warkewa, irin su suga da hawan jini da asma. Ka ce mini asalinta a wata ƙasa aka tsara ta don masu jin Sifaniyanci, aka juya ta Turanci, ku kuma kuka juya ta Hausa. Ka ce kafin a yarda da ita sai an gwada ta: a yi wa mutum tambayoyin, a bari a kwana biyu, a sake yi masa su. In amsar farko da ta biyu sun zo ɗaya, takarda ta yi. In sun saɓa, da sauran gyara. Duk wannan na gane shi tun karon farko, ba sai da ka yi ta nanata mini kamar 'yar aji ɗaya ba.

Abin da na kasa ganewa shi ne, duk faɗin Bebeji, da masu suga da ke cika bencin asibiti, ka rasa wanda za ka fara gwaji a kansa sai ni. Ka jawo kujera 'yar tsugunno ka dasa a gabana, ƙafarka har tana taɓa tabarmata, ka dube ni tsakiyar ido ka ce, "Adda, ciwon nan yana hana ki barci?" Ni da ko sunanka ban taɓa kamawa ba! Ni da in kana tsakar gida Hauwa nake sawa ta miƙa maka abinci! Me kake so in ce? Na dubi bango na ce a'a. Ka ce, "Yana hana ki shiga mutane?" Na ce a'a. Haka muka yi ta yi har ƙarshen takarda, kana ta murna wai uwarka ta fi kowa lafiya a garin nan.

Da lokacin maimaici ya yi an aike ka Kano, sai abokiyar aikinka Ladi ta zo a madadinka. Ita kuwa na gaya mata. Na ce mata tafin ƙafata yana yi mini zugi kamar na taka garwashi, barci sai na yi dabara. Na ce mata na daina zuwa biki da suna, don na gaji da a turo mini kwano in ture a ce ina da girman kai. Na ce mata da azumi nakan kulle ɗaki in ci abinci a ɓoye, ko da yake likita ne ya hana ni yin azumin, addini kuma ya yi mini rangwame. Na ce mata abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da ido zai tafi in zama kaya a wuyan 'ya'yana.

Likita ya jera takardun biyu a kan tebur, ya ga ko layi ɗaya ba su haɗu ba. Ban san abin da ya ce maka ba, amma na ga fuskarka da ka shigo. Ka tsaya a ƙofar ɗakina ka ce, "Adda, wacce ce gaskiya? Baƙuwa kika gaya wa, ni kika ce mini babu komai." Na dubi bango. Washegari ka ɗauki jakarka zuwa Doguwa inda za ku ci gaba da gwajin, ko koko ba ka sha ba, ka gaya wa Hauwa kada a sa ran ganinka nan kusa, tunda ba a ɗauke ka ɗa ba a gidan nan. Wannan maganar ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Ta kuma ba ni haushi, don ban san karatun da kuka yi ya kai ga mantar da ku gidan da kuka fito ba.

Zan zo kan tambayarka. Amma tunda da wannan zuciyar za ka riƙa shiga gidajen mutane a Doguwa, kana ganin duk wanda amsarsa ta canza maƙaryaci ne, bari in fara ba ka labarin shirmen da ni na tafka. Ba kai ka fara yawo da takardar tambayoyi a zuriyar nan ba. Shekarun da kake sakandare an ɗebe mu, malamai mata, aka haɗa mu da ma'aikatan rigakafi, don mu ne ke iya shiga cikin gida mu yi magana da matan aure. Na taka ƙasar Kiru lungu-lungu a bayan babur har bayana ya sani.

A wata ruga kusa da Dangora na sami wata mata, Dije, tana zaune da surukarta suna gyaran ƙwarya. Ko gaisuwa ban ƙarasa ba na zaro biro na ce, "'Ya'yanki nawa?" Ta sunkuyar da kai ta ce biyu. Ga wata yarinya tsaye riƙe da gefen zanenta, kamarsu ɗaya har hanci. Na ce, "Wannan fa?" Ta ce, "Ta Goggo ce." Na rubuta biyu, aka yi wa biyu allura, muka hau babur muka tafi ina jin na yi aiki. Ranar kasuwa sai ga tsohuwar nan ta biyo ni har makaranta, ta tsaya a bakin aji, yara na kallo, ta ce, "Malama, ke ba ki da ɗan fari ne? Wace uwa ce ke ƙirga na farinta da bakinta, a gaban uwar mijinta kuma? An yi wa ƙananan an bar mini babbar." Wallahi ji na yi kamar in nutse. Ni da in an tambaye ni 'ya'yana daga Hauwa nake fara lissafi! Ina riƙe biro sai na manta da abin da nake yi a ɗakina. Dole na lallashi mai allura muka koma.

Saboda haka in ka shiga gida, bar takardar nan a jaka tukuna. Ka gaisa, ka sha ruwa, ka duba waye a zaune, kuma mene ne tsakaninsa da mara lafiya. Kada ka tambayi mace ciwonta a gaban surukarta. Kada ka tambayi magidanci ko ƙarfinsa ya ragu ɗansa na tsaye. Kai namiji ne, saurayi kuma. Akwai tambayoyi a takardar nan da ko tsohuwa ba za ta amsa maka ba, to ka bar wa Ladi su, ba faɗuwa ba ce. Ku kuma rubuta a gefe wanda ya yi tambayar da wanda ke wurin. In kai ka yi ta farko, kai za ka yi ta biyu, a wuri ɗaya, da mutanen da ke nan da farko. Ku canza mai tambaya, sannan ku zo kuna mamakin amsa ta canza? Haba!

Na biyu a Yako ne. Akwai wani dattijo, Baba Ɗanjuma, manomi, asma ta daɗe tana wahalar da shi. Na yi masa tambayoyina ya amsa tsaf, har ya sa aka ba ni gyaɗa. Bayan 'yan kwanaki shugabanmu ya ce kowa ya koma wasu gidaje ya sake tambaya don a tabbatar. Na koma, na zauna a zaure, na fara karanto masa abin da na karanta masa ran nan. Ya bar ni na yi uku, sannan ya ɗaga hannu.

"Malama, ran nan da kika zo, ƙarya na yi miki?"

Na ce, "A'a, Baba, wane ni."

"To me kika dawo nema?"

Maimakon in yi masa bayani, sai na ce, "Cewa aka yi in sake." Ya gyara hularsa, ya ce, "To, rubuta." Duk inda ya ce e da farko ya mai da shi a'a, duk inda ya ce a'a ya mai da shi e. A tunaninsa amsar farko ce ba ta yi wa hukuma daɗi ba, shi ya sa aka dawo da ni, to ga wata. Da na tashi tafiya bai ce in gai da gida ba, gyaɗa kuwa ko ɓawonta ban gani ba. Na daɗe ina jin haushin tsohon nan, daga baya na gane haushin kaina ya kamata in ji.

A ƙasar nan, ka yi wa babba tambaya ɗaya sau biyu, ka ƙaryata shi ke nan. Ku kuwa aikinku gaba ɗaya a kan tambaya sau biyu ya tsaya. To tun zuwan farko, kafin ka karanta layi ɗaya, ka ce, "Baba, zan dawo in sake yi maka waɗannan tambayoyin, su ɗin dai. Takardar muke gwadawa mu ga ko tana da kirki, kai kuwa taimakonmu kake yi." Ka faɗa a gaban mai unguwa, ka sake faɗa ran da ka koma. In mutum ya san takarda ce a gaban alƙali, zai taya ka kama ta da laifi, har ya nuna maka inda Hausarku ta karkace. Ni ko wannan ba ka gaya mini ba sai da na tambaya.

Na ukun ya fi ba ni kunya, ko da yake yanzu in na tuna dariya nake yi. A cikin garin Kiru wata mata ta tare ni a soro ta ce, "Malama, in an gama tambayar za a ba da magani?" Na san ba za a bayar ba. Amma rana ta yi, na gaji, ina so a buɗe mini ƙofa, sai na ce, "Wa ya sani, wataƙila." Shi ke nan. Kafin in kai gida na gaba labari ya riga ni. Unguwa guda ta kwanta ciwo. Matar da na tarar tana kirɓa dawa a turmi, tana ganina ta saki taɓarya ta ce hannunta ba ya ɗaguwa tun bara. Wata ta lissafa mini ciwo tun daga ka har yatsan ƙafa, ta ƙara da na kishin ruwa. Na cika takardu da cututtukan da babu su. Magani bai zo ba, ni kuwa na daɗe ba na iya ratsa kasuwar Kiru, sai in ji an ce, "Ga Malama wataƙila nan."

Kai kuma da farar rigarka za ka shiga, wataƙila har da abin awon jini a wuya. Wasu za su ƙara wa ciwonsu gishiri don su sami ƙwaya, wasu za su rage don tsoron a ce sai an kwantar da su a asibiti ga gona ba a nome ba. Ka faɗa musu gaskiya tun a bakin ƙofa: babu magani a jakarka, babu kuma wanda za a ɗauka a mota. Wanda ya ce to ba zai amsa ba, ka yi masa godiya ka wuce. Sannan ka tuna irin ciwonmu ba kullum yake kwana wuri ɗaya ba. Manomin da ka tambaya yana tsakiyar noma zai ce maka garau yake, don ba shi da lokacin jin jikinsa. Ka same shi bayan an kai amfani gida ka ji abin da zai ce. Duka biyun ba ƙarya ya yi ba.

Kada ka ɗauka raina aikinku nake yi. Da farko na raina, na ce takardar da ta bi ta harshe uku kafin ta iso Bebeji me za ta sani game da ni. Amma shekara kusan goma ina zuwa asibiti, ana auna ni ana rubuta mini ƙwaya, babu wanda ya taɓa tambayata ko ciwon nan ya raba ni da mutane sai takardar nan. Wanda ya tsara ta, ko a ina yake, ya zauna da mai ciwo. Saboda haka ku yi aikin da kyau, yana da amfani.

Sai dai akwai tambaya ɗaya da nake so ka kai wa likitanku ƙarata a kanta, wadda ke cewa, "Ka karɓi ciwon da ya same ka?" Wane Musulmi ne zai buɗe baki ya ce bai karɓi abin da Allah ya ɗora masa ba? Ku yi ta daga nan har Riruwai, kowa e zai ce, yau da gobe da jibi, ku kuma ku yi ta tafi kuna cewa tambaya ta yi kyau tunda amsa ba ta canzawa. Ita ce kaɗai inda amsata gare ka da amsata ga Ladi suka kusa haɗuwa, ita ce kuma ba ta gaya muku komai ba. In kuna son ku sani, ku tambayi mutum ko maƙwabtansa sun san yana da ciwon, ko yana shan ƙwayarsa a gaban baƙi. Yadda za ku tsara ta ku kuka sani, ni dai na faɗi abin da na gani.

Kada kuma ka manta da cikinka. An ce sanyin Doguwa ba irin namu ba ne, ga bargon Malam nan na haɗa da wasiƙar, kada ka ce ya tsufa. Ka riƙa karyawa kafin ka fita. Wannan halin na fita da yunwa in an ɓata maka rai, tun kana yaye kake da shi, Hajiya ce ta ɓata ka.

To, yanzu tambayarka. Ka ce wacce ce gaskiya. Ta Ladi ce, daga layin farko har na ƙarshe. Kuma in gobe ka sake jawo kujera ka zauna a gabana, bango zan duba in ce maka a'a. Haka aka rene ni, haka uwata ta yi wa yayanmu har ta koma ga Allah, ba kuwa don ba ta son sa ba. Ba zan sake hali da furfura a kaina ba don an kawo takarda daga wata ƙasa.

Amma kai mai karatu, da ka tsaya ka tambayi Ladi yadda muka fara, da ba ka tafi da yunwa ba. Kafin ta buɗe jakarta na ce mata, "'Yar nan, in kin gama rubutawa, wa zai karanta?" Ta ce, "Ɗanki ne ke haɗa su, Mama." Na ce, "Shi da kansa?" Ta ce, "Shi da kansa, layi-layi." Sai na sa Hauwa ta kawo mata fura, na ce ta gyara zama, ta kuma rubuta da kyau yadda zai karantu.

Ladi mece ce tawa? Ranar na fara ganinta, ko sunan garinsu ban sani ba. Me zai sa in kwashe cikina in ba ta? Shekarun nan duka ina neman hanyar da za ka san halin da nake ciki ba tare da na dube ka na faɗa ba, ban samu ba, sai ga ta ta shigo har ɗakina da biro a hannu. Kowace amsa da na ba ta, kai nake gaya wa. Da na zo kan maganar ido, sai da na sa ta karanta mini abin da ta rubuta, don kada ta rage. Kai kuwa aka miƙa maka, ka karanta, ka tsaya kana gwada layi da layi kana neman inda na saɓa.

Abin da nake so ɗaya ne. In kun sami hutu ka hau mota ka zo gida. Kada ka ta da maganar nan, kada ka zo mini da wasiƙar nan a hannu, don zan ce ban san ta ba. Ka tsaya a ƙofar ɗaki ka gaishe ni yadda ka saba, in amsa yadda na saba. In na ce maka lafiya lau, yanzu ka san abin da ke ƙarƙashinta, ya ishe ni.

Allah ya yi maka albarka, ya ba ka haƙurin zama da marasa lafiya, ya sa aikin nan ya amfani mutane. Allah ya kare ka daga sharrin hanya da na daji, ya dawo mana da kai lafiya. Ka gai da Ladi, ka ce na gode da aron hannunta. Ka gai da likitanku.

Wassalam.

Addarka.